Yadda ake haɗa zaman madihu a gidan rasuwa

'Yan uwa tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 da wuya ka samu zuri'ar da ba ta yi rashi ba, daga Omdurman har Gadarif da Mai Wurno, wasu ma ko gawar nasu ba su gani ba balle su yi mata sutura. Irin wannan zuciyar sannu da haƙuri kaɗai ba ya isarta, shi yasa nake so matasanmu su iya haɗa zaman madihu, wato begen Annabi (SAW) da bandiri, yadda ya kamata.

Kafin komai ku nemi izinin masu gida, akwai waɗanda fahimtarsu ba ta yarda da bandiri a gidan makoki ba, in sun ce a'a to a tsaya a karatu da addu'a. In sun yarda, dare na uku bayan isha'i kafin a naɗe tabarmi ya fi.

Mai ba da baiti ɗaya, 'yan amshi biyar ko shida waɗanda a nan ake ce ma shayyalin, bandiri biyu ya wadatar. A ɗan gasa fatar kusa da garwashin jabana, wato butar dafa gahawa, ta ɗame, kar dai ta ƙone.

A buɗe da Alƙur'ani ba kiɗa. Ni Suratu Fussilat aya ta 30 nake so, inda Allah ya ce mala'iku na sauka ga waɗanda suka tsayu kan imani suna ce musu kar ku ji tsoro kar ku yi baƙin ciki. Sai salati, sannan a shiga bege.

To amshin nan shi ne komai wallahi. Ku zaɓi gajere wanda tsohuwa da ke bayan labule za ta kama a ji biyu, ko da La'ilaha illallah ce kawai, mai bayarwa ya ja baitin a hankali ya yi shiru, 'yan amshi su ɗauka da murya ƙasa ƙasa kar wani ya haye kan wani, a maimaita a maimaita har ka ji masu ta'aziyya sun shigo da kansu, in ɗan mamacin ya buɗe baki ya amsa to aikin ya yi. Burda ta Busiri ta dace sosai don da hawaye da kewa ta fara, amma ku haɗa da begen Hausa saboda iyayenmu su ji ma'ana. Kuma dan Allah kar mai bandiri ya ƙara gudu, ba zikirin Juma'a na hubbaren Shehu Hamed al-Nil da ke Omdurman ake ba, sifika, wato tafi, ita ma a rage ta.

Wani zai fashe da kuka, ku ƙyale shi ku ci gaba da amshi. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Mai bayarwa ya kiyaye harshensa, kar ya sa baitin da ke tsine ma zamani ko tono wanda ya yi kisan, hadisin Ummu Salama ya nuna mala'iku na cewa amin kan abin da ake faɗa a wajen mamaci.

Awa ɗaya ta isa, masu gida kwana uku suke ba barci. Babban malamin wajen ya rufe da addu'a ya ambaci sunan mamacin, a shafa Fatiha, a raba shayi da balila, wato dafaffen wake ko hatsi, ku kuma matasa ku tsaya ku taya kwashe kofuna da tabarmi.