Wanke kayan injin na alminiyum

Salamu alaikum 'yan uwa makanikai. Don Allah ku daina jiƙa murfin injin ko kabureta a ruwan soda, wato sodar nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita. Soda tana cin alminiyum, sai ka ga ya yi baƙi ya yi ramuka. Ni ma na taɓa ɓata wani murfi haka, sai da na biya mai mota.

Kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa su cire baƙin mai, sannan ka ɗauraye da sabulun wanke-wanke. In farin gari-gari ya fito, goge da sanfefa mai lamba 800 cikin ruwa, ka bi da 1500, sai Autosol, man goge ƙarfe, a tsumma mai laushi. Buroshin waya na ƙarfe kuwa yana barin ɓurɓushin ƙarfe a jikin alminiyum, daga baya ɓurɓushin ya yi tsatsa. Mazaunin gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo a mahaɗa, kada sanfefa ta taɓa shi.