Idan kun isa Ingila, kada ku yi wa likita kara

Ga 'yan'uwa da ke shirin tashi daga Kaduna zuwa Ingila, ɗalibai da masu bin mazajensu da waɗanda suka samu aikin jinya: an sha ba ku shawara kan rigar sanyi da kuɗin haya. Ni maganar asibiti ce ta dame ni.

Tun kafin ku hau jirgin ƙasa a Rigasa, ku leƙa inda kuka saba ganin likita, Barau Dikko ne ko Asibitin 44 ko Yusuf Ɗantsoho, a ba ku bayanin lafiyarku a rubuce: rukunin jini, AS ne ko SS, maganin da kuke sha, katin awo, katin rigakafin yara. Kuna sauka ku yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ne, kuma ba dole sai kun nuna shaidar gidan da kuke zaune ba.

Kayan aiki kam asibitocin Ingila suna da su. Amma baƙar fata da Bature ba sa fita daga asibitin da sakamako iri ɗaya, kuma su da kansu suka ƙidaya. Rahoton 2018 na MBRRACE, masu binciken mutuwar mata masu ciki da masu haihuwa a Birtaniya, ya nuna haɗarin mutuwar mace baƙar fata wajen goyon ciki da haihuwa ya ninka na Baturiya sau biyar. Tazarar ta ragu daga baya, amma har yanzu ta haura ninki biyu. Akwai talauci a ciki, da matsattsun gidaje masu danshi, da aikin dare mai hana zuwa awo. Akwai kuma rashin saurare, da tsohuwar ƙaryar nan cewa baƙar fata ba ya jin zafin ciwo kamar kowa.

A nan ne tarbiyyarmu take iya cutar da mu. An koya mana dauriya. Mace a naƙudar fari kunya ma take ji ta yi kuka. Ungozomar Tudun Wada ta san abin da shirun nan yake nufi. Ta can za ta rubuta cewa kina cikin natsuwa, ta wuce gado na gaba. Don haka, 'yar'uwa, in an ce ki auna ciwon daga ɗaya zuwa goma, kina jin tara, ki ce tara. Kada amsarki ta tsaya a "da sauƙi". Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska, ko ɗa ya rage motsi, ki kira sashen haihuwa a daren, kada ki bari sai gari ya waye.

Masu sikila, ku riƙe wannan da kyau: ƙa'idarsu ita ce a ba ku maganin kashe zafi cikin minti 30 da isowarku. A 2021 wasu 'yan majalisar Birtaniya sun fitar da rahoto kan yadda ake sakaci da masu sikila, har ana yi musu kallon masu neman ƙwaya. Ku faɗi ƙa'idar da bakinku, cikin ladabi, ku maimaita.

Na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini tana iya nuna lafiya lau a baƙar fata alhali iskar ta yi ƙasa. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna haka. In numfashi na yi muku wuya, ku nace. Ciwon shawara na jarirai ma ba ya fitowa sosai a fatarmu, sai a duba farin ido da dasashi. In zazzaɓi ya kama ku, ku fara da cewa daga Najeriya kuka zo, don cizon sauro ba ya saurin faɗo musu a rai.

Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, kyauta ne; kada a sa yaro ya fassara ciwon uwarsa. In kuma majinyacinku yana kwance, kun ga jikin yana ƙara rikicewa an ƙi kula ku, tun 2024 aka fara aiki da ƙa'idar Martha a asibitocin Ingila, wadda ta ba dangi damar kiran wasu likitoci daban su sake duba shi da gaggawa. Ku nemi lambar tun ranar da aka ba shi gado.