Yadda na gyara fizgar giya a motata

Motata Corolla ce ta 2005, mai giya atomatik, da ita nake jigila tsakanin Ringim da kasuwar Gujungu. Sai ta fara fizga in za ta tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, musamman da sassafe, har fasinja ya dafe kujera. Wani bakanike ya ce sai an sauke giyabos. Ban yarda ba, don aikin da tsada, kuma ko man giyar bai duba ba.

Na zagaya da ita har inji ya yi zafi, na tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, na taka birki na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, na mayar P, wato giyar fakin, inji na aiki. Da na zaro sandar awon man giya, man bai kai layin HOT ba, wato inda ya kamata ya kai in ya yi zafi. Na ɗiga a farar takarda: maimakon ja, ya yi duhu kamar shayi, yana ƙauri.

Na kai wa wani dattijon bakanike, muka kwance farantin ƙasan giyabos. Maganaɗisun da ke ciki ya tara laushin garin ƙarfe, amma babu ɓarɓashi. Ya ce, "Alhaji, giyarka lafiya lau, mai ne ya mutu." Muka wanke faranti, muka sa sabuwar filta da gaskit, muka zuba man giya nau'in T-IV, wanda aka rubuta a jikin sandar, a rufaffen galan, ba na tsiyaye ba.

Juye ɗaya ba ya fitar da duka man, don haka bayan sati biyu muka sake. Fizgar ta ɗauke.