Yadda za ka fara sana'ar samo wa ma'aikatu lauyoyi a Katsina

Akwai wata sana'a da a Legas da Abuja mutane na cin abinci da ita sosai amma mu nan Katsina kusan ba wanda ya ɗauke ta aiki, wato haɗa lauya mai neman aiki da wurin da ke neman lauya, ka amshi la'adarka. A nan in cemba, wato ofishin lauyoyi, na son ƙaramin lauya sai oga ya kira abokinsa ya ce "ko ka san wani yaro mai ƙoƙari?" shi ke nan, wanda ba shi da kowa ya yi ta yawo da takardu, shi kuma oga sau da yawa a kawo masa wanda bai dace da aikin ba kuma ya kasa korarsa saboda kunyar wanda ya kawo shi. Wannan gurbin ne za ka shiga, kuma ba dole sai kai lauya ne ba, amma dole ka san hanyar da lauya ke bi har ya zama lauya.

To fara da wannan. Digirin shari'a shekara 5 ne a jami'a, irin su Umaru Musa Yar'adua nan gida, ko ABU Zariya ko BUK. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi wadda aka kafa a 1962, hedikwatarta na Bwari, mafi kusa da mu kuma ita ce ta Bagauda a jihar Kano. In ya ci jarabawa a kira shi a rantsar da shi, sannan a sa sunansa a rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli a ba shi lamba. Wanda ya tsaya a digiri kawai ba lauya ba ne tukuna, komai ilminsa, ba zai tsaya gaban alƙali a matsayin lauya ba. Ka riƙe wannan da kyau domin a nan ne sababbi ke faɗawa rami.

Duk wanda ya kawo maka CV ka nemi ganin takardar kiransa, lambar rajistarsa, takardar NYSC, da rasidin kuɗin aiki na bana, domin kowane lauya na biyan kuɗin shekara kafin ƙarshen watan Maris, da shi ne yake samun hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa (NBA) da ake mannawa a takardun kotu. Kar ka tsaya ga hoton takarda a WhatsApp, lauyoyin bogi na nan ana kama su lokaci zuwa lokaci, je ka reshen NBA da ya ce yana ciki ka tambaya cikin ladabi ko sun san shi. In ka kai wa mutum na bogi sau ɗaya wallahi ka gama yawo a garin nan, Katsina ba ta da girman da labari zai ɓuya.

Sai shekarun aiki. Su lauyoyi ba daga ranar gama digiri suke ƙirga girma ba, daga shekarar da aka kira mutum ake ƙirgawa, shi ya sa za ka ji ana cewa wane ɗan kiran 2015 ne. Wannan lissafin har doka ta san da shi, alƙalin Babbar Kotu sai wanda ya yi aƙalla shekara 10, na Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, na Kotun Ƙoli 15. Amma shekara kaɗai ba ta isa ba, ka zauna da mutum ka tambaye shi mi ya yi da hannunsa. Ya taɓa tsayawa shi kaɗai ya yi wa shaida tambayoyi ko jaka kawai yake riƙe wa oga? Ya iya rubuta yarjejeniyar sayen fili? Ya san rabon gado? Wannan na ƙarshen a wurinmu babba ne, domin da yawa daga shari'un da ke kawo mutane cemba a Katsina da Daura na gado ne da aure da gona, kuma a kotun shari'ar Musulunci ake yinsu da Hausa, lauyan da ya karanta shari'ar Musulunci haɗe da ta zamani ya fi amfani a nan nesa ba kusa ba a kan wanda turanci kawai ya iya zubawa.

Ɓangaren masu ɗauka kuma, kar ka ɓata lokaci a kan gwamnati, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a da majistare suna da hukumominsu da ke ɗaukarsu, duk wanda ya ce zai sayar maka da gurbi a can ka guje shi. Kasuwarka ita ce cembobi masu zaman kansu, ƙananan bankuna, makarantu da asibitocin kuɗi, kamfanonin gine-gine da na taki da shinkafa, da ƙungiyoyin agaji. Ka je da ƙafarka, ka yi sallama, "ranka ya daɗe Barista, ga abin da nike yi", ka tambayi irin mutumin da suke so da nawa za su iya biya, ka rubuta. Wani abu da masu kamfani ba su sani ba sai ka faɗa masu: lauyan da ke amsar albashi a kamfani dokar aikin lauyoyi ta hana shi tsaya wa kamfanin a kotu, sai dai lauyan gwamnati. In shari'a suke son a riƙa yi masu to cemba za su ɗauka, in shawara da duba takardu suke so sai a ɗauki na cikin gida.

Maganar kuɗi ita ce inda nike son ka natsu. La'adarka daga wurin mai ɗauka take, ku yi ta a rubuce kafin ka kawo kowa, ko kuɗi tsayayye ko wani kaso na albashin da aka yanke. Kar ka amshi ko sisi daga hannun yaron da ke neman aiki, ya gama kashe kuɗin iyayensa a Bagauda, ba shi da abin ba ka, kuma ranar da aka fara cewa kana sayar da aiki mutanen kirki za su daina ɗaukar wayarka. Haka kuma kar ka yarda a ce za a riƙa ba ka kaso daga kuɗin shari'a, ko ka koma kawo wa lauya masu ƙara a bakin kotu, dokarsu ta hana lauya raba kuɗin aikinsa da wanda ba lauya ba, kuma za ka iya jawo masa zama gaban kwamitin ladabtarwa. Dillalin kirki a kasuwar Mai'aduwa ba ya ɓoye aibin dabba don ya ci la'adar rana ɗaya, kai ma in cembar ba ta biyan albashi kan lokaci ka faɗa wa yaron, in yaron yana da saurin fushi ka faɗa wa oga.

Takardunka kuma ka gyara su. Yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, in da hali ka yi jarabawar CIPM, cibiyar ƙwararru kan kula da ma'aikata, don a san ka karanci harkar ma'aikata. CV ɗin mutane amana ne, akwai dokar kare bayanai ta 2023, kar ka tura na kowa ko'ina sai ka tambaye shi, musamman wanda yake aiki a wata cemba yana neman canji a ɓoye, in ogansa ya ji daga bakin wani ka raba shi da abincinsa. Lauyoyi mata ma kar ka manta da su, wasu aure ko haihuwa ta sa sun ɗan tsaya kuma suna son dawowa, ka tambayi mai ɗauka tun farko ko zai yarda da lokacin tashi da ya dace da su.

In an ɗauki mutum ka sa a yarjejeniya cewa in ya bar aikin cikin wata 3 za ka kawo wani ba tare da sabuwar la'ada ba, kuma bayan wata ɗaya ka kira su biyun daban-daban ka ji yadda zaman ke tafiya.