Yadda Ake Haɗa Takardun Ɗaukar Nauyin Mata ko Miji Don Bizar Zama a Amurka

A al'adarmu, idan mutum ya je neman aure, magabatan yarinya sukan tambayi sana'arsa da muhallinsa, wani dattijo ya tsaya masa da baki, a shafa fatiha, magana ta ƙare. Hukumar Amurka ma tana yin irin wannan tambaya ga duk wanda yake son ɗauko matarsa daga gida, sai dai ita ba ta karɓar shaidar baki, komai girman mai faɗa da yawan rawaninsa, domin a wurinta dukiyar da ba ta bayyana a takarda ba tamkar babu ita ce. Na fahimci haka ne a lokacin da na taya wata ƙanwata da ke nan Birnin Kebbi bin sawun takardunta, mijinta yana can Amurka yana tuƙin mota. Zan yi magana da miji ne kai tsaye domin shi ne ya fi yawa a cikinmu, amma duk abin da zan faɗa ya hau kan matar da take can tana neman ɗauko mijinta.

Bayan hukumar shige da fice ta Amurka ta amince da takardar farko, wato fom I-130 mai tabbatar da cewa akwai aure tsakaninku, sai a miƙa fayil ɗin ga cibiyar biza ta ƙasa da ake kira NVC, kuma a nan ne ake buƙatar fom I-864, wanda shi ne takardar alkawarin ɗaukar nauyi. Kafin ka sa alƙalami a kansa, ya kamata ka san nauyin abin da za ka ɗauka. Wannan fom yarjejeniya ce tsakaninka da gwamnatin Amurka wadda kotu za ta iya tilasta maka cikawa, kuma ta samo asali ne daga dokar shige da fice ta 1996. Kana alkawarin riƙe matarka a matakin da bai gaza kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar ba, kuma idan ta karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati da ake bai wa marasa ƙarfi, hukumar da ta biya tana da ikon bin ka bashin kuɗin. Alkawarin yana sauka daga wuyanka ne idan ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika zangon aiki 40 wanda ya kai kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar ta ajiye katin zamanta, ko ajali ya riski ɗayanku. Saki ba ya cikin waɗannan. A shari'armu nauyin ciyarwa yana ƙarewa da cikar idda, amma wannan takarda ba ta san idda ba, kuma matar da aka rabu da ita tana da damar kai tsohon mijinta ƙara a kanta. Ina ganin wajibi ne iyayen ɓangarorin biyu su san da wannan tun da wuri.

Sharuɗɗan mai ɗaukar nauyi ba su da yawa. Dole ya kai shekara 18, ya kasance ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, sannan mazauninsa na ainihi ya kasance a Amurka. Wannan sharaɗi na ƙarshe yakan kama waɗanda aka haifa a can lokacin da iyayensu suke karatu, suka dawo gida suka girma a Argungu ko Yawuri da fasfon Amurka a akwati. Irin wannan mutum sai ya nuna a takarda cewa zai koma ya zauna kafin matarsa ta shiga ko kuma tare da ita, ta hanyar yarjejeniyar hayar gida, da takardar samun aiki, da asusun banki na can, kuma ya tuna cewa Amurka tana buƙatar 'yan ƙasarta su bayyana abin da suke samu ga hukumar haraji ko da a waje suke zaune.

Aikin farko na gaske shi ne ƙidayar mutanen gida, kuma a nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Za ka ƙirga kanka, da matar da kake ɗaukowa, da duk yaran da za su biyo ta, da 'ya'yanka da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, ko da suna zaune a hannun kakarsu a Jega ba su taɓa hawa jirgi ba. Za ka ƙara da duk wanda ka rubuta a takardar haraji a matsayin wanda kake ciyarwa, da duk wanda ka taɓa cika wa irin wannan fom a baya idan alkawarin bai sauka ba tukuna. Mijin ƙanwata yana da yara biyu daga aurensa na farko, kuma da yake suna gida, sai ya ɗauka ba su shiga lissafi ba, ya rubuta mutum biyu maimakon huɗu, alhali sunayen yaran suna cikin takardun da ya cika shekarun baya. Wannan saɓani kaɗai ya sa aka dawo da fom ɗin, muka yi asarar makonni. A kula kuma kada a ƙirga matar sau biyu, domin fom ɗin yana da layin wadda ake ɗaukowa da kuma layin matar aure, kuma mutum ɗaya ba ya shiga duka biyun. Wanda yake da mace fiye da ɗaya ya sani cewa dokar Amurka ba ta amince da haɗa mata ba, don haka ya nemi shawarar lauyan shige da fice kafin ya cika komai, kada ya ɓoye kuma kada ya yi gaban kansa.

Idan adadin mutane ya tabbata, sai a duba jadawalin da ake kira I-864P, wanda ake sabuntawa kowace shekara. A jadawalin 2025, gida mai mutum biyu yana buƙatar dala 26,437 a shekara, mai mutum uku dala 33,312, mai mutum huɗu dala 40,187, kuma kowane mutum guda da ya ƙaru yana ƙara dala 6,875. Jihohin Alaska da Hawai suna da nasu lissafin da ya fi wannan tsada, sojan da yake bakin aiki kuwa kashi 100 cikin ɗari kawai ake nema daga gare shi idan matarsa ko ɗansa yake ɗaukowa. A yi amfani da jadawalin shekarar da ake ciki, ba wanda wani ya turo ta WhatsApp shekara biyu da suka wuce ba.

Daga nan sai hujjar samu, kuma uwar hujjoji ita ce takardar haraji ta shekarar da ta gabata. Mafi sauƙi shi ne ka shiga shafin hukumar haraji ta IRS ka sauko da taƙaitaccen bayanin harajinka wanda ita da kanta take bayarwa kyauta, domin jami'ai sun fi natsuwa da shi, kuma yana rage yawan takardu. Idan kwafin fom 1040 da ka cika za ka tura, wato takardar harajin kanta, to sai ka haɗa da dukkan takardun W-2 ko 1099 da suka zo da shi, wato masu nuna kuɗin da aka biya ka a shekarar, ba tare da ka bar shafi ko ɗaya ba. Shekara ɗaya ce tilas, amma an yarda ka ƙara har shekara uku, kuma shawarata ita ce ka ƙara idan shekarun suna nuna samunka a tsaye yake ko yana ƙaruwa. Sai ka haɗa da takardun biyan albashi na watanni shida na baya-bayan nan, da wasiƙar wurin aiki mai nuna matsayinka da albashinka da ranar da ka fara. Wanda bai cika takardar haraji ba alhali ya wajaba a kansa, ya fara zuwa ya cika na baya tukuna, wanda kuma bai wajaba a kansa ba ya rubuta dalili ya sa hannu.

Masu sana'ar kansu, musamman direbobin Uber da masu kai saƙo, suna da wata matsala ta daban da ya kamata a daɗe a kanta. A ƙarshen shekara mai lissafin haraji yakan cire musu kuɗin mai da gyaran mota da inshora da waya domin harajin ya yi sauƙi, har mutumin da dala 55,000 ta ratsa hannunsa ya wayi gari takarda tana cewa dala 21,000 ya samu. Ranar biyan haraji zai yi murna, amma ranar cika I-864 wannan ƙaramin adadin ne za a duba, domin jimillar samu da ke kan takardar haraji ita ce abin dogaro ga mai sana'ar kansa. Saboda haka duk wanda yake da niyyar ɗauko iyali ya sanar da mai lissafinsa tun kafin a rufe shekara, a rubuta gaskiyar abin da aka kashe ba tare da ƙari ba. Kuɗin hannu da ba ya shiga banki, da adashi, da cinikin da ake yi tsakanin 'yan uwa ba rasit, duk ba za su taimake ka ba. Haka nan mutumin da aka ɗaura wa aure a Kebbi a watan Agusta amma ya rubuta kansa marar aure a harajin wannan shekara, ya buɗe ƙofar tambayar da ba zai ji daɗin amsawa ba, gara ya gyara takardar tun kafin a tambaye shi.

To idan samu bai kai ba fa? Hanya ta farko ita ce cike giɓin da kadara. A ɗauka magidanci yana samun dala 38,000 kuma gidansa mutum huɗu ne, giɓinsa a jadawalin 2025 ya zama dala 2,187. Idan ɗan ƙasa ne yake ɗauko matarsa, zai nuna kadarar da ta ninka giɓin sau uku, wato dala 6,561, idan kuwa mai katin zama ne, sau biyar, wato dala 10,935. Sharaɗin shi ne kadarar ta zama wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda ba tare da an jefa iyali cikin ƙunci ba, kamar ajiyar banki mai bayanin watanni goma sha biyu, ko hannun jari, ko gida bayan an cire bashin da ke kansa. Motar hawa ba ta shiga sai idan akwai ta biyu. An yarda a sa kadarar matar ma, amma a nan ne nake jan hankalin iyaye, domin na ji masu cewa ai akwai gonar shinkafa a fadama da garken shanu da gwal ɗin aure. Gonar da shaidarta ita ce sa hannun mai unguwa, ba takardar mallaka ta gwamnati ba kuma ba ƙiyasin ƙwararren mai kimanta kadara, da wuya ta gamsar da jami'in da bai taɓa ganin fadama ba. Kuɗin da aka aro aka zuba a asusu mako biyu kafin a buga bayanin banki kuwa, da kansa yake tona asirin kansa.

Hanya ta biyu ita ce haɗa samu da wani babba na cikin gida, kamar ɗan'uwa ko mahaifi da kuke zaune tare, wanda zai cika fom I-864A. Ta uku, wadda aka fi bi, ita ce samun abokin lamuni, wato wani mutum da zai tsaya maka ya ɗauki nauyin tare da kai. Ba lallai ne ya zama dangi ba, amma dole ya cika sharuɗɗan da aka ambata, kuma samunsa shi kaɗai ya isa ɗaukar gidansa har da matarka, domin ba a haɗa rabin naka da rabin nasa. Zai cika nasa I-864 daban, ya haɗa takardar harajinsa da hujjar aikinsa da kwafin fasfonsa ko katin zamansa, kai ma kuma sai ka cika naka ko da ba ka samun ko sisi. Ka gaya masa gaskiyar nauyin da zai ɗauka kafin ya sa hannu, domin mutanenmu suna da kunya, sukan amsa don zumuncin masallaci ba tare da sun karanta ba, kuma barin mutum ya shiga alkawarin shekaru a makance cin amana ne. Wanda ya ce zai sayar maka da mai lamuni ko ya ƙera maka takardar albashi, ka guje shi, domin ƙarya a neman biza tana iya haramta wa matarka shiga ƙasar har abada.

Ana tura komai ne ta CEAC, shafin intanet na gwamnatin Amurka na masu neman biza, bayan an biya kuɗi, wanda a lokacin da muka yi namu dala 120 ne na duba takardun ɗaukar nauyi da dala 325 na bizar kanta. A sauko da sabon bugun fom daga shafin hukuma, a tura dukkan shafukansa har da waɗanda ba a rubuta komai a ciki ba, kuma a duba sa hannu sau biyu, domin fom marar sa hannu ba a ma karanta shi. A daidaita rubutun suna da abin da ke cikin fasfo harafi da harafi, kada Hauwa'u ta zama Hauwa a wani shafi, ko Muhammadu ya zama Mohammed, ko sunan gari ya bayyana a wata takarda ya ɓace a wata. Duk takardar da aka rubuta da Hausa ko Larabci tana buƙatar fassarar Ingilishi tare da shaidar mai fassara. Idan za a ɗauki hoton takarda a nan gida, gara a je shagon kwamfuta mai na'urar sikanin, maimakon hoton waya da aka ɗauka a kan tabarma da inuwar hannu a gefe.

Dokokin shiga Amurka suna sauyawa, domin an taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama a 2020, aka ɗage a 2021, sannan a ƙarshen 2025 aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa, don haka a riƙa duba sanarwar ofishin jakadanci kafin a kashe kuɗi, kuma kada a bar fayil ya yi shekara ba a tuntuɓi NVC ba, gudun kada a rufe shi. Ganawar bizar zama ana yin ta ne a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, kuma sau da yawa jiran rana yakan kai har sabuwar shekarar haraji ta shigo. Idan haka ta faru, miji da abokin lamuni su turo sabuwar takardar haraji da sababbin takardun albashi, a buga su a jera a jaka ɗaya da kwafin duk abin da aka tura. Matar kuma ta zauna da mijinta a waya ta san sunan wurin aikinsa, da garin da yake, da abin da yake samu, da alaƙarsu da wanda ya tsaya musu, domin ita kaɗai za ta tsaya gaban tagar jami'in bayan ta sha doguwar hanya daga Birnin Kebbi zuwa Legas.