Kurakuran da Masu Aikin Sa Kai Suka Fi Yi Wajen Tallafa wa Iyalai Masu Ƙaramin Ƙarfi

Mafi yawan masu shiga ƙungiyoyin agaji na al'umma suna zuwa ne da zuciya ɗaya, sai dai kyakkyawar niyya kaɗai ba ta hana mutum cutar da wanda ya zo taimaka wa. Kurakuran da aka fi yi a wannan aiki tushensu guda ne, wato ɗaukar iyalin a matsayin masu miƙo hannu kawai, alhali kuwa mutane ne masu mutunci da sirri, waɗanda suka fi kowa sanin halin da suke ciki.

Abin da aka fi tuntuɓe a kansa shi ne yanke wa iyali abin da suke buƙata ba tare da an tambaye su ba. Sabon ɗan sa kai yakan leƙa gida ya ce sutura ce matsalarsu, nan kuwa abin da ke hana uwargida barci kuɗin haya ne, ko na makarantar yara, ko maganin da likita ya rubuta aka kasa saya. Daga nan ne ake samun tulin kayan da ba a nema ba, irin su tsofaffin tufafi da magungunan da wa'adinsu ya kusa cika, waɗanda ke cinye wurin ajiya da lokacin masu tantancewa. Gyaran shi ne a fara da tambaya da sauraro, kuma a tuntuɓi ƙungiyar kafin a tara komai. Ba banza ba manyan hukumomi irin su Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da tallafin kuɗi a wuraren da kasuwa ke ci, domin iyalin su zaɓi abin da ya fi damunsu da kansu.

Kuskuren da ya fi ciwo, a ganina, shi ne tona asirin mai buƙata da sunan tallata alheri. Ana ɗaukar hoton uwa tana karɓar kaya, a sa a Facebook ko WhatsApp, har a haɗa da labarin bashin da ke kanta ko rashin lafiyar mijinta. Wanda ya sa hoton yana ganin ya jawo hankalin masu ba da gudummawa, amma matar ce za ta ci gaba da zama cikin maƙwabtan da suka gani, kuma 'ya'yanta ne za su shiga aji tare da yaran da suka ji labarin. Izinin da aka nema a daidai lokacin miƙa kaya ba izini ba ne na gaskiya, tunda mai buƙata na tsoron idan ya ƙi a hana shi. Ya kamata a nemi yarda a wani lokaci dabam, a bayyana inda hoton zai je, a kuma tabbatar wa mutum cewa ƙin yarda ba zai rage masa komai ba. Batun yara ya fi tsanani, domin Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanadi kare sirrinsu a sashe na 16. Idan ana son nuna aiki, hoton kayan da adadin gidajen da suka amfana sun wadatar.

Sai kuma alkawarin da tausayi ke sa a yi cikin gaggawa. Alkawari kaya ne, kuma iyalin da aka ce wa za a biya musu haya a wata mai zuwa za su daina neman wata hanya. Wanda ba shi da ikon yanke shawara ya tsaya a kan cewa zai kai maganar ga shugabanni, sannan ya dawo da amsa ko da ba mai daɗi ba ce. Haka ma ba da kuɗin aljihu a ɓoye yana haifar da tsammani da zargin son kai.

Son kan ma kuskure ne mai zaman kansa: sa ɗan'uwa ko wanda ya fi iya roƙo a gaban wanda ya fi buƙata. Ƙungiyar Red Cross ta sanya rashin nuna bambanci cikin ƙa'idojinta guda 7 da aka amince da su a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 1965, kuma ƙaramar ƙungiya ma za ta iya rubuta sharuɗɗan zaɓen iyalai, ta riƙa ajiye bayanin abin da aka ba kowa.

Kada ɗan sa kai ya keɓe da yaro shi kaɗai, kuma idan ya ga alamar cin zarafi ya sanar da wanda ƙungiya ta ɗora wa wannan nauyi nan take, kada ya ce zai bincika da kansa.

Akwai kuma masu farawa da zafi, su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu, bayan 'yan makonni a neme su a rasa. Sa'o'i 2 a kowane mako da mutum zai iya riƙewa tsawon shekara sun fi amfani ga yaron da ake koya wa karatu. Wanda ya ga dole ya bari ya faɗa da wuri, ya miƙa bayanan iyalan da ke hannunsa ga wanda zai gaje shi, ya kuma yi sallama da su.