Yadda ake zaɓar man da ya dace da babur ɗin roba-roba a Sakkwato

Duk yaron da ya sayi sabon roba-roba tambayarsa ta farko ɗaya ce: wane mai zan zuba, “super” ko na gama-gari? Ya gani ne a bidiyon Turawa, inda gidan mai ke da famfo uku, kowanne da lambarsa, 91, 95, 98. A nan ba haka abin yake ba. Daga Gawon Nama zuwa Kwannawa, duk gidan man da ka shiga famfon fetur iri ɗaya ne, wanda hukuma ke kira PMS. Saboda haka zaɓenka ya koma kan wurin da ka saya da kuma halin da man yake ciki lokacin da ya shiga tankinka. A nan ne sababbin mahaya ke kashe injinsu.

Ka fara da duba lambar da babur ɗinka yake so. Tana cikin ɗan littafin da ya zo da shi, wani lokaci kuma a jikin takardar da aka liƙa ƙarƙashin kujera, kusa da murfin tanki. Za ka ga an rubuta RON da lamba a gaba. Wannan lamba ita ce oktan, wato gwargwadon yadda mai yake jure matsi da zafi bai kama wuta da kansa ba kafin filogi ya kyasta. Yawancin ƙananan injina masu 110cc da 125cc da ake sayarwa a nan RON 90 ko 91 suke nema, kuma fetur ɗin Najeriya a kan ma'aunin 91 ake sayensa. Ke nan man gidan mai ya wadatar. Idan babur ɗin na hannu ne da ya fito daga Amurka ka ga an rubuta 87, kada ka ruɗe, lissafinsu ne ya bambanta, 87 ɗinsu daidai yake da kusan 91 a namu. Wanda littafinsa ya ce 95, irin manyan nan masu injekta, shi ne yake da abin yi wa tunani, kuma shawarata gare shi ita ce kada ya riƙa murɗe totur har ƙarshe da tsakar rana.

Akwai 'yan kwalabe da ake tallatawa wai suna ƙara wa mai ƙarfi. Kada ka saya. Oktan da ya wuce bukatar inji ba ya ƙara gudu ko kaɗan, kuɗin ya fi amfani ka haɗa ka sayi filta sabo.

Abu na biyu, ka san ko injinka na zamani ne ko tsohon yayi. Roba-roba na yanzu baƙin mansa daban, fetur daban, ba a gauraya su, ko da wani ya ce maka ɗan ɗigon baƙin mai a tanki yana “sanyaya” inji. Filogi kawai zai toshe. Amma tsohuwar Vespa irin ta iyayenmu, wadda ba ta da tankin mai na biyu, dole sai an haɗa mata fetur da baƙin mai na 2T, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Wanda ya zuba mata zallar fetur, fistan zai liƙe kafin ya kai Wamakko.

Sai gidan mai. Ka zaɓi wanda 'yan kabu-kabu ke cika shi, don su ne suka fi kowa saurin gane mai mara kyau, cinikinsu na yini ya dogara a kai. Gidan da ciniki ke gudu mansa ba ya daɗewa a ƙasa. Idan ka tarar tanka tana sauke mai, ka wuce, ka dawo bayan awa biyu ko uku, domin saukewar tana tayar da laka da ruwan da suka kwanta a gindin rumbun ƙasa. Da damina, musamman cikin Agusta, ka guji gidan man da ruwa ke kwanciya a harabarsa. Ko gidan mai ma ba a rufe ido, domin a watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya sanar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo. Metanol yana cin roba, yana lalata tiyo da cikin kafireto.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato man 'yan bumburutu. Na san dole takan sa a saya. Mai ya ƙare maka a hanyar Illela ko da dare a Mabera, ba za ka tura babur ba alhali ga yaro da galan a bakin titi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane da yawa ba sa iya cika tanki, sai na ɗari biyar, na dubu, kuma kwalba ta fi kusa. Ba duk masu sana'ar ne ke algus ba, amma ko mai gaskiyar cikinsu ba ya iya hana rana aikinta. Zafin Sakkwato a Afrilu yana haura maki 40. Fetur da ya wuni a gorar roba a wannan rana, sassansa masu sauƙi, waɗanda su ne ke tayar da inji da safe, sun riga sun tsere ta bakin murfi. Abin da ya rage mai nauyi ne, mai wuyar kamawa.

To kafin ya juye maka, ka karɓi gorar ka ɗaga ta sama, rana ta ratsa. Ka karkata ta a hankali ka dubi gindi. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka za ka gan shi kwance a ƙasa, ɗan dunƙule yana gangarawa daban. Idan man ya yi hazo-hazo, ba ka ganin yatsanka sarai ta bayan gorar, ka mayar masa. Sannan ka ɗiga ɗigo biyu a kan farar takarda, ko a bayan hannunka idan babu. Fetur na gaskiya yana bushewa nan da nan, ya bar fatar da sanyi da fari-fari. Wanda aka sirka da gas ko kananzir yana barin maiƙo, takardar ta yi tabo mai sheƙi da ba ya tafiya. Zai ce maka, “Haba Malam, wanga mai na gidan mai na, yanzu nis sawo shi.” Ka ce masa, “Na yarda ƙanena, bari dai in gani.” Minti guda ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi.

Launi kuwa kada ka yi hukunci da shi. Na sha ganin masu cewa jan mai ya fi ƙarfi, wasu su ce fari ne na asali. Kala tana bambanta daga matata zuwa matata. Abin da nake dagewa a kai shi ne mazurari mai ƙyalle. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ramin jet na kafireto kuma bai kai kaurin allura ba. Ka ajiye tsaftataccen ƙyalle a ƙarƙashin kujera, a tace da shi. Kuma ka sayi lita ɗaya kawai, wadda za ta kai ka gidan mai.

Bayan ka zuba, ka saurari inji. Idan kana hawa gada ko ka ɗauki mutum biyu ka ji ƙara siririya kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani, man yana fashewa ne kafin lokaci, kuma wannan shi ke huda fistan. Ka sassauta totur. Idan yana shaƙewa yana harbi ta salansa, ruwa ne. Akwai ɗan sukurun a gindin kafireto, ka kwance shi man ya tsiyaye a gwangwani har ka ga ya fito tas, ka ɗaure. In abin bai daina ba a juye tankin gaba ɗaya, kada a ce za a ƙara mai mai kyau a kai ya gyaru. Filogi ma yana ba da labari: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai danshi matsala.

Kada ka cika tanki har baki, mai yana kumbura da zafi ya malalo. Mai injekta kada ya bari ya sauka ƙasa da kwata, domin man ne ke sanyaya famfon da ke cikin tankin, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Filtan fetur a canza shi duk bayan an canza baƙin mai sau uku, in ana yawan shan na kwalba kuwa sau biyu.